Waliyyi Dominik Sabiyo da Girma Cikin Nagarta: Tambayoyi da Amsoshi

Sunan Dominik Sabiyo ba baƙo ba ne a majami'un Katolika. Ana raɗa wa yara shi a wurin baftisma, ƙungiyoyin masu hidimar bagadi da na mawaƙa suna ɗaukarsa a matsayin majiɓincinsu, hotonsa kuma yana rataye a makarantu da yawa. Amma idan aka nemi a ji abin da ya yi, sai a ga yawancin mutane ba su wuce "yaro ne mai tsarki" ba. Ga tambayoyin da matasa, iyaye da katekis suka fi yi a kansa.

Wane ne Dominik Sabiyo?

Yaro ne ɗan ƙasar Italiya. An haife shi ranar 2 ga Afrilu, 1842, a Riva kusa da Chieri, a yankin Piemonte da ke arewacin ƙasar. Mahaifinsa Karlo maƙeri ne, mahaifiyarsa Birjita kuma tana ɗinki. Talakawa ne, neman abinci ya sa suka yi ta ƙaura daga ƙauye zuwa ƙauye: Morialdo, daga baya Mondonio. Yana ɗan shekara 12 ya shiga gidan tarbiyyar da Fada Yohanna Bosko, wanda aka fi sani da Don Bosko, ya buɗe a unguwar Valdocco cikin birnin Turin. Bai cika shekara uku a can ba ciwo ya mayar da shi gida, ya rasu ranar 9 ga Maris, 1857, saura 'yan makonni ya cika 15. Paparoma Piyus na 12 ya ayyana shi waliyyi ranar 12 ga Yuni, 1954.

Bai yi shahada ba, bai zama Fada ba, bai gina komai ba. To da me ya zama waliyyi?

Wannan tambayar ita ce ta daɗe tana riƙe da maganarsa a Roma. Idan ba shahidi ba ne mutum, Ikilisiya tana neman shaidar cewa ya rayu da nagarta har ta kai matsayin jarumta, wato ya dage a kan aikata abin kirki fiye da yadda aka saba gani, kuma ya ɗore a kai. Akwai masu ganin cewa yaro ɗan shekara 14 bai yi tsawon ran da za a auna shi da wannan ma'aunin ba. An yi shekaru ana bin shaidu, ciki har da tsofaffin da suka yi makaranta tare da shi, kafin Paparoma Piyus na 11 ya amince da jarumtar nagartarsa a 1933. Aka ɗaga shi zuwa matsayin mai albarka ranar 5 ga Maris, 1950, sannan waliyyi bayan shekara huɗu.

Hukuncin yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Da shi Ikilisiya ta tabbatar cewa aji, ɗakin kwana da filin wasa sun isa mutum ya cika cikin tsarki. Shi ne mafi ƙarancin shekaru cikin waliyyan da ba shahidai ba, har zuwa 2017 da aka ayyana Faransisko da Jasinta Marto, yaran Fatima ta ƙasar Fotugal.

Me Ikilisiya take nufi da nagarta?

Katekizim na Ikilisiyar Katolika, daga lamba ta 1803, ya bayyana ta da cewa hali ne tabbatacce wanda ya zauna a jikin mutum, yana karkata shi zuwa ga aikata alheri. Wanda ya faɗi gaskiya sau ɗaya ya yi abin kirki. Wanda gaskiya ta zama masa jiki, har ƙarya take yi masa nauyi a baki, shi ne mai nagartar.

Kashi biyu ne. Akwai uku da suke fuskantar Allah kai tsaye, kuma kyautarsa ce da ake samu tun daga baftisma: bangaskiya, bege da ƙauna, kamar yadda Manzo Bulus ya jera su a 1 Korintiyawa 13:13. Akwai kuma huɗu da sauran halayen kirki suke rataye a kansu: tsinkaya, adalci, ƙarfin zuciya da kamunkai. Littafin Hikima 8:7 ya ambace su tare. Waɗannan huɗun da maimaici ake samunsu, yau da gobe, alherin Allah kuma yana tsarkake su yana ɗaukaka su. Shi ya sa ake fara koyar da su tun ana ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Waɗanne alkawura ne ya ɗauka ranar da ya fara karɓar Jibi Mai Tsarki?

A 1849 ne, ranar Ista, yana ɗan shekara 7. A lokacin sai yaro ya kai 11 ko 12 ake barinsa ya karɓa, sai a 1910 Paparoma Piyus na 10 ya sauko da shekarun zuwa wajen 7. Limaman yankin sun ga yadda Dominik ya san katekizim, suka yi shawara suka ba shi izini. Ya rubuta abubuwa huɗu a ɗan littafinsa: zai riƙa furta zunubansa a kai a kai, yana karɓar Jibi gwargwadon yadda Fadan da ke sauraronsa ya yarda; zai tsarkake ranakun Lahadi da na idi; abokansa su ne Yesu da Maryamu; kuma gara mutuwa da zunubi.

"Gara mutuwa da zunubi" bai yi wa yaro nauyi ba?

Ya danganta da yadda aka faɗa masa. Katekis zai iya ɗaukar wannan magana ya tsoratar da yara har su riƙa ganin zunubi a cikin kowane motsi, su kasa barci, su koma furta abu ɗaya sau biyar. Wannan ciwo ne na zuciya, Ikilisiya ta san shi, kuma ba ta kiransa tsarki. A wurin Dominik alkawari na huɗu ya biyo bayan na uku ne. Ya riga ya ce Yesu abokinsa ne, saboda haka abin da yake faɗa shi ne ba zai ci amanar abokin ba ko me za a ba shi. Idan aka cire na uku aka bar na huɗu shi kaɗai, tsoro ne kawai ya rage. Mai koyar da yara ya bi jerin yadda yake.

Yaya suka haɗu da Don Bosko?

Malaminsa na Mondonio, Fada Cugliero, shi ya kai wa Don Bosko labarinsa. A farkon Oktoba 1854 Don Bosko ya je ƙauyensu na Becchi tare da yaransa, sai Karlo ya kawo ɗansa. Bayan sun ɗan tattauna, yaron ya tambaya kai tsaye ko za a tafi da shi Turin. Don Bosko ya ce masa yana ganin akwai yadi mai kyau a nan. Dominik, ɗan mai ɗinki, ya tambaya me za a ɗinka da shi. Aka ce riga mai kyau, kyauta ga Ubangiji. Sai ya ce to shi ne yadin, Fada kuma shi ne telan, a tafi da shi a ɗinka.

Don Bosko ya ba shi shafi guda ya haddace, ya ce ya dawo gobe. Cikin 'yan mintoci ya dawo ya karanta shi da ka, har da bayanin ma'anarsa. Kafin watan ya ƙare yana Valdocco.

Gaskiya ne Don Bosko ya hana shi azumi da wahalar da jiki?

Gaskiya ne, kuma a ganina nan ne zuciyar labarin take.

A 1855 Don Bosko ya yi wa yaran wa'azi a kan abu uku: nufin Allah ne kowa ya zama mai tsarki, abin ba shi da wuya, kuma akwai babban lada. Maganar ta shiga Dominik ƙwarai. Kwanaki aka gan shi ya yi shiru, ya daina shiga wasa, har Don Bosko ya ɗauka ba shi da lafiya. Da aka tambaye shi sai ya ce yana so ya zama waliyyi, kuma hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya zama.

Matsalar ita ce hoton waliyyi da ke kansa. Ya ji labaran manya da suka yi ta azumi suna azabtar da jiki, sai ya kama hanyarsu. Ya so ya riƙa wuni a kan burodi da ruwa kawai. Ya zuba tsakuwa da guntayen itace a shimfiɗarsa don kada ya ji daɗin barci. Da sanyin Turin ya shigo, wanda har ƙanƙara yake zubarwa, ya ci gaba da rufa da mayafin bazara. Wata safiya Don Bosko ya shiga ɗakin ya tarar da shi a dunƙule yana rawar ɗari, ya tambaye shi ko so yake sanyi ya kashe shi. Yaron ya kawo hujjar Yesu a komin dabbobi da kan gicciye. Don Bosko bai karɓi hujjar ba. Ya hana shi duk wata wahalar da jiki sai da izini, ya ce masa horon da Allah yake nema daga gare shi biyayya ce. Ya jure zafi, sanyi, gajiya, zagi da rashin lafiya idan sun zo da kansu, ya miƙa su ga Allah, sun ishe shi.

A madadin abin da ya ɗora wa kansa, sai aka ba shi abubuwa masu sauƙin faɗa: ya kasance da fara'a kullum, ya riƙe addu'a da karatunsa da kyau, kada ya ƙaurace wa wasa da 'yan'uwansa, ya kuma yi ƙoƙarin jawo su zuwa ga Allah. Kwana a kan tsakuwa ya fi wannan sauƙi, domin kai ka zaɓa, kuma a ɓoye zuciya tana yaba kanta. Gama aikin makaranta a ranar da ba ka so, ko yi wa yaron da ya ishe ka murmushi, babu mai tafa maka. Dominik ya ji zafin hanin, amma ya bi. Wannan bin shi ne babban matakin girmansa.

Me ya haɗa fara'a da tsarki?

Wani sabon yaro mai suna Kamilo Gabiyo ya zo gidan bai daɗe da tashi daga ciwo ba, yana tsaye gefe yana kallon masu wasa. Dominik ya je ya same shi, suka yi hira, a ciki ya gaya masa cewa su a nan tsarkinsu shi ne su kasance cikin farin ciki sosai, suna gudun zunubi domin shi ke sace salamar zuciya, suna kuma cika aikinsu. Farin ciki yana cikin 'ya'yan Ruhu da aka lissafa a Galatiyawa 5:22. Matashin da ibadarsa take ƙara masa ɗaure fuska da raina mutane, ya kamata ya zauna da Fadansa su duba inda aka kauce.

A ina aka ga ƙarfin zuciya da tsinkaya a rayuwarsa?

Wasu 'yan makaranta biyu da suka girme shi sun yi cacar baki har ta kai ga zagin iyaye, suka yanke cewa za su fita fili su raba gardama da jifa. Dominik ya yi magana, ya rubuta musu wasiƙa, duk a banza. Daga ƙarshe ya ce su yarda da sharaɗi ɗaya wanda sai a filin zai faɗa, ya kuma yi alkawarin ba zai kira kowa ba. Da suka ɗebi duwatsu suka ja da baya, sai ya shiga tsakaninsu, ya ciro ƙaramin gicciyen da ke wuyansa ya ɗaga. Ya ce kowannensu ya dubi Yesu da ya mutu yana yafe wa masu kashe shi, sannan ya fara jifan da shi Dominik. Ya je gaban wanda ya fi fushi ya durƙusa. Yaron ya ce ba shi da abin yi da shi, zai ma kare shi idan wani ya taɓa shi. Na biyun ma haka. Faɗan ya mutu a nan, kuma ba daga bakin Dominik aka ji labarin ba, su biyun ne suka faɗa daga baya.

Na tsinkaya ya fi ban dariya. A kan titi ya ji wani mutum yana zagin sunan Allah cikin fushi. Bai tsaya yi masa wa'azi ba. Ya matso da ladabi ya tambaye shi hanyar gidan Don Bosko, hanyar da ya fi kowa sani. Mutumin ya sauko ya ce bai sani ba. Sai yaron ya ce to ko zai yi masa wata alfarmar: idan ransa ya ɓaci nan gaba, ya nemi wata kalmar ya bar sunan Allah. Mutumin ya amsa cewa yaron ya yi gaskiya. Tsinkaya ke nan, sanin abin da ya dace da kuma ƙofar da za a shiga da shi.

An yi masa ƙazafi a makaranta ya yi shiru. Haka ya kamata yaranmu su yi?

A Mondonio ne. Wasu yara suka cusa ƙanƙara a murhun ɗumama aji, da malam ya shigo suka ɗora wa Dominik. Aka tsawata masa gaban kowa, ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Washegari gaskiya ta fito. Da malamin ya tambaye shi dalili, ya ce mai laifin yana da wasu laifuffuka a baya, da an kama shi da korarsa za a yi, shi kuwa wannan ne na farkonsa, ya san za a yafe masa. Ya ƙara da cewa ya tuna Yesu ma an yi masa ƙazafi.

A lura da lissafin da ya yi. Abin da zai rasa kaɗan ne, abin da ɗayan zai rasa makaranta ce gaba ɗaya, kuma babu wani na uku da shirunsa zai cutar. Wannan ƙauna ce mai ido a buɗe. Ba doka ba ce ga kowane hali, kuma kuskure ne babba a yi amfani da labarin a rufe bakin yara. Idan ana dukan yaro, ana cin zalinsa, ko wani babba yana taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, ko waye shi kuma ko a ina ne, har da harabar coci, nagarta a nan ita ce ya faɗa, ya kuma ci gaba da faɗa har a saurare shi. Adalci ma yana cikin huɗun.

Shi kaɗai ya yi wannan tafiyar?

A'a. Yana Turin lokacin da Paparoma Piyus na 9 ya ayyana, ranar 8 ga Disamba, 1854, cewa an ɗauki cikin Budurwa Maryamu ba tare da zunubin asali ba, kuma abin ya taɓa shi sosai. A watan Yuni 1856 shi da wasu abokansa suka kafa Ƙungiyar Maryamu Marar Aibi a cikin gidan. Ban da addu'a, aikinsu na hannu ne: shara, jinyar marasa lafiya, da kuma ɗaukar yaro guda, sabon zuwa ko mai taurin kai, a zama abokinsa ba tare da an nuna masa ana lura da shi ba. Suna kuma gaya wa juna gaskiya a kan kurakuransu.

Da Don Bosko ya kafa ƙungiyar Salesiyawa a Disamba 1859, da yawa cikin mutanen farko 'yan wannan ƙungiyar ne, ciki har da Mika'ilu Ruwa wanda ya gaje shi a shugabanci.

Ba a ƙara gishiri a labarin ba? Yaro ba ya rasa rauni.

Don Bosko ne ya rubuta tarihinsa a 1859, lokacin da ɗaruruwan yaran da suka zauna da shi suna nan da ransu, suna iya ƙaryata shi. Duk da haka, ya rubuta ne don ya ba yara abin koyi, da salon zamaninsa, kuma masu bincike a Roma sun yi wa littafin tambayoyi masu zafi kafin a amince. Akwai labaran wahayi da na dogon tsayuwa cikin addu'a har ya manta da lokaci. Ba a wajabta wa kowa ya gina bangaskiyarsa a kansu ba.

Rauni kuwa yana nan a rubuce. Yana da saurin hawa. Wata rana ya hana wani yaro wasa da ƙanƙara a ɗakin da aka hana, yaron ya zage shi ya kuma doke shi. Shaidu sun ce fuskar Dominik ta yi ja wur, ga shi ya girmi yaron, amma ya haɗiye, ya ce ya yafe, kada dai ya yi wa wani haka. Jan fuskar nan ita ce ta nuna cewa kamunkan da kokawa ya same shi.

Katolika suna bauta wa waliyyai ne?

A'a. Sujada ta Allah ce shi kaɗai. Waliyyai ana girmama su, ana koyi da su, ana kuma roƙonsu su yi mana addu'a, domin mun gaskata suna raye a wurin Allah.

Matashi na yau daga ina zai fara?

Ya zaɓi hali ɗaya, kada ya ɗauki bakwai a lokaci guda. Idan satar amsa ce a jarrabawa, adalci yake nema. Idan waya ce take cinye masa dare har ya kasa tashi Misa ko aji, kamunkai ne, kuma maganin yana iya zama ajiye ta a wani ɗakin daga ƙarfe goma. Kowane dare ya ɗauki minti biyar ya duba yadda ya yi a kan wannan abu ɗaya. Ya samu Fada guda da zai riƙa furta wa zunubi a kai a kai, wanda zai san shi har ya iya ce masa "ka yi yawa" ko "ka yi sake". Dominik ya riƙe Don Bosko a wannan matsayin duk zamansa a Turin. Sannan ya nemi aboki biyu ko uku masu irin burinsa, su kuma sa ido a kan wanda kowa ya ƙyale a aji.

Ga iyaye, abu ɗaya: kada a mayar da Dominik bulalar dukan yaro. "Dubi Dominik, dubi kai" ba ta taɓa gyara kowa ba, sai dai ta sa yaro ya tsani waliyyin. Shi kansa a gida ya fara, wurin iyayen da suka koya masa addu'ar safe da ta dare, suke kuma kai shi coci.

Me ya kashe shi?

Dama ba mai ƙarfin jiki ba ne. A farkon 1857 tari ya tsananta, likitoci suka ba da shawarar ya koma ƙauye, ya bar Valdocco ranar 1 ga Maris. Likitan Mondonio ya ce kumburin huhu ne, ya bi maganin zamanin, wato tsaga jijiya a zubar da jini, har sau goma cikin 'yan kwanaki, abin da a yau aka san ƙara raunana majiyyaci yake yi. Ya karɓi sakramenti na ƙarshe, ya rasu da daren 9 ga wata, mahaifinsa na gefensa yana karanta masa addu'o'i.

Yaushe ake idinsa, kuma akwai wasu matasa waliyyai irinsa?

Salesiyawa da wurare da yawa suna yin idinsa ranar 6 ga Mayu, domin 9 ga Maris tana yawan faɗawa cikin Lent, azumin da ake yi kafin Ista. Ƙasusuwansa suna cikin babbar majami'ar Maryamu Mai Taimakon Kirista a Turin, inda Don Bosko ma yake kwance. Mawaƙa yara da waɗanda aka yi wa ƙazafi suna neman addu'arsa, haka ma mata masu juna biyu, musamman a Italiya.

A nahiyarmu akwai Kizito, ƙaramin cikin shahidan Yuganda, wanda aka ƙone a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886, yana wajen shekara 14, Paparoma Bulus na 6 kuma ya ayyana su waliyyai a 1964. Akwai Mariya Goretti da aka kashe a 1902 tana da shekara 11. Na baya-bayan nan shi ne Karlo Akutis, ɗan Italiya mai sha'awar kwamfuta, wanda sankarar jini ta kashe a 2006 yana da shekara 15, Paparoma Liyo na 14 ya ayyana shi waliyyi ranar 7 ga Satumba, 2025.